Ranar da Aka Ce Tsafe Lafiya Sau Biyu

Da furfura a kaina na koyi karatun boko, saboda haka a hankali nake bin jarida, da yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero. Yaran gida suna yi mini dariya, wai kafin in gama shafin farko labarin ya tsufa. Ba su san inda nake ɓata lokacin ba. Kalma ɗaya ce take tsayar da ni, kuma kusan kullum sai na ci karo da ita: lafiya. An yi taro an tashi lafiya. Manya sun kai ziyara sun tarar da jama'a lafiya. Zaman lafiya ya dawo gari kaza, garin da ban taɓa karanta ranar da zaman lafiyar ya bar shi ba. In na zo kanta sai in ɗora yatsa, ina so in gane wace irin lafiya ce wannan kuma. Har yau ban iya ganewa ba, kuma abin yana ba ni haushi, don na fara wannan karatu tun kafin a san jarida a ƙasarmu.

A Bungudu, shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau, jaridarmu mutum ce mai ƙafa biyu. Mai yekuwa muke ce masa. Dogo ne siriri, duk ƙarfinsa a maƙogwaro yake, bakinsa kuwa ba ya rabuwa da goro. Ranar kasuwa, in rana ta take, sai ya hau wani tsohon turmi da aka kife kusa da mahauta, a buga masa ganga, kowa ya saurara. Daga bakinsa muke jin abin da manya suke so mu ji: a fito sharar hanya, kada a sa wa daji wuta, an tsinci jaki mai yankakken kunne, baƙo zai zo daga Sakkwato a gyara gari. Amma kafin ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya bi garuruwan da ke kewaye da mu ɗaya ɗaya ya raba musu lafiya. Na tashi ina jin wannan jeri, ban taɓa sa masa kunne ba. Lokacin da yake yinsa ne ma mutane suke ƙarasa cinikinsu.

Shekarar da nake ba da labari ina da sabon aure. Noma nake yi da damina, da rani in tufka igiya in kai kasuwa. Matata 'yar Tsafe ce, gajeruwa mai yawan dariya, wadda ta ce igiyata ko akuya mai hankali ba za ta riƙe ba. Da cikinta ya tsufa iyayenta suka aiko aka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Ta bar wani faifai da take saƙa bai kai rabi ba, ta soke shi a jikin jinka, ta ce kada in taɓa mata.

Na yanzu ba za su gane halin da na shiga ba sai na yi bayani. A lokacinmu namiji ba ya tambayar cikin fari. Ko sunan matar ba ka kamawa a gaban manya, balle abin da take ɗauke da shi. Ba ka aika wa surukai, ba ka zuwa, ba ka nuna ka damu. Zama za ka yi har su aiko. In ka kuskura ka tambaya, ka zama abin zolaya har jikokinka. To watan haihuwa ya kama, bazara ta yi tsanani, ba a aiko ba. Sai ga wasu fatake da suka sauka a zango suna cewa sanƙarau ya shiga ƙasar Tsafe, ana ta binne mutane. Washegari wani ya ce ba Tsafe ba ce, Bilbis ce. Wani kuma ya ce ba mutane ba ne ma, shanun Fulani ne suke faɗuwa. Ni dai abu ɗaya nake so in sani, ko matata tana da rai da lafiya, kuma duk garin nan babu wanda zan iya tambaya. Mai yekuwa kaɗai ya rage mini, shi da zai ambaci Tsafe ba tare da na roƙe shi ba.

Ranar kasuwa na shimfiɗa igiyata a rumfar da muke zama ni da wasu dattawa biyu, wanzami da mai sayar da taba. Aka buga ganga. Karo na farko a rayuwata na saurari jerin nan da dukan jikina.

"Jama'a, ana gaishe ku. Ƙasa lahiya. Gusau lahiya, Maru lahiya, Kwatarkwashi lahiya. Tsahe lahiya." Ya ɗan tsaya. "Tsahe lahiya lau."

Daga nan ya wuce zancen sharar hanya. Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi. Sai wanzami ya ɗaga askarsa daga kan mutumin da yake yi wa aski, ya girgiza kai, ya ce to, Allah ya kyauta. A ganinsa abin da ke lafiya ba a nanata shi. Ya ce shekarunsa nawa a rumfar nan, duk garin da aka ƙara wa lau, ka je ka duba, akwai abin da ake rufewa. Mai taba ya ce wannan zancen wanzamai ne. Garin da ke cikin matsala tsallake shi ake yi, a yi kamar an manta, kuma shi ya sha kama mai yekuwa yana haka. In an maimaita, to manya ne suka ji ana yaɗa ƙarya suka ce a ƙarfafa wa mutane zuciya. Wanzami ya ce ai ka zo inda nake, wa yake ƙarfafa zuciyar wanda ba abin da ya same shi? Wani mahauci ya tsoma baki, ya tuna musu shekarar da gobara ta cinye rabin wani gari a yamma da mu, ya ce ranar ma an ce garin lafiya, kuma sau ɗaya tak aka faɗa. Nan take kowannensu ya ce wannan ai hujjarsa ce.

Dukansu sun san inda matata take. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya kama zancen, amma da ƙarfi suke gardamar don in ji, kowa yana ganin taimakona yake yi. Na so in ɗaure su biyun da igiya ɗaya in jefa gulbi. Da na dubi hannuna na ga tufkar da nake yi tun ɗazu duk a warware take.

Da kasuwa ta fara watsewa na bi mai yekuwa har gindin tsamiyar da yake hutawa. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce wani abokina ne yake da jaki a Tsafe, yana so ya san ko hanya ta biyu. Ya dube ni, ya san jakin, amma ya rufa mini asiri. Na tambaye shi wa ya kawo masa labarin Tsafe. Ya ce babu. Rabonsa da ganin mutumin Tsafe tun kaka.

"To, Baba, me ya sa ka ce lafiya?"

"Mi kaka so in ce, ɗan nan? Sharar hanya anka ba ni, jaki anka ba ni. Lahiya ba a ba ni ta, da ita nit tashi gidanmu. Ubana da ita yab buɗe baki har yam mutu."

Ya ce ko shekarar yunwa, da mutane suke tonon gidan tururuwa, mahaifinsa ya hau turmin nan da ƙyar ya ce ƙasa lafiya, kuma ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Ya ce rabinta addu'a ce, rabinta ladabi, don ba a tsayawa gaban jama'a a fara da mugun baki, kuma wa ya isa ya hau turmi ya ce ƙasar wani babba ba lafiya? Na ce to ina rabin da yake labari? Ya yi dariya ya ce wani lokaci ai gaskiya ce ma. Na tambaye shi abin da ya kawo ni, dalilin da ya faɗi Tsafe sau biyu. Ya yi mamaki, ya ce shi ya yi haka? Ya yi tunani, ya ce watakila goro ne ya sarƙe shi. Can kuma ya ce ko kuwa idona ya gani a cikin taro ya ji tausayina. Bai sani ba. Da zan tafi ya ce in abokin nawa ya je duba jakinsa, ya taimaka ya kawo masa labari.

Na baro shi na fi dā ruɗewa. Washegari da safe na ce wa innata zan kai igiya Gusau. Ta dubi igiyar, wadda ba ta kai a wahala a kai ta ko bayan gari ba, ta ƙulla mini gumba a tsumma. Sai da na kai ƙofa ta ce in gaida mutanen Gusau, har da na gaba da Gusau.

Gusau a lokacin ta cika da baƙi, 'yan aikin hanyar jirgi da masu sayen gyaɗa da auduga, harsuna iri iri. Na yi zaton a babban gari labari zai fi tsabta. Na tsaya na saurari nasu mai yekuwa, sai na tarar shi ko wahalar jera garuruwa ba ya yi, dunƙule su yake gaba ɗaya ya ce ƙasa duka lafiya, ya wuce. Na tsaya ina lissafi irin na mai taba: ya tsallake Tsafe ke nan, ko kuwa tana cikin duka? Da ƙyar na samu wani mutum da aka ce daga can ya kawo auduga. Na tambaye shi gari. Ya ce lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Na ce kamar me? Ya ce to, haihuwa da mutuwa ai ba sa ƙarewa, ya juya ya ci gaba da kwance kayansa. Na buɗe baki zan kama sunan gidan surukaina, kunya ta riƙe ni. Mutumin da bai san ni ba, ban san shi ba, amma na kasa. Na kwana a zauren wani ɗan garinmu, da asuba na bar masa igiyar na kama hanya.

A gindin dutsen Kwatarkwashi na hango wani yana tahowa da sauri, na gane tafiyarsa tun daga nesa. Taubashin matata ne, ɗan kawunta, sa'ana. Mutumin nan bai taɓa ganina ya bar ni na sha ruwa ba. Mai igiya yake kirana, yakan ce sun yi asara da suka ba ni 'yar'uwarsu. Ranar nan da ya gan ni sai ya tsaya cak, ya miƙo hannu biyu ya ce, "Malam, sannu da hanya."

Na ce gida lafiya? Ya ce lafiya lau. Na ce mutanen gida duka? Ya ce lafiya lau. Ya ce gishiri zai saya a Gusau, amma tunda ga ni, mu koma tare, gishiri ba ya gudu. Ya juya muka kama hanyar Tsafe.

Ban taɓa yin tafiya mai wahalar wannan ba, kuma ba rana ce ta wahalar da ni ba. Wanzami da mai taba suka shiga kaina suka ci gaba da gardamarsu. Ɗaya ya ce mutum ba ya barin Tsafe ya tafi Gusau don gishiri, kuma ina jakarsa? Ɗaya ya ce albishir aka aiko shi ya kai Bungudu, yana ɓoyewa ne don ya ja maka rai, halinsa ne. To in albishir ne me ya hana shi zolaya? Ai yanzu ka zama uba, dole ya fara girmama ka. Na saci kallon fuskarsa, ba abin da na karanta. Ya yi ta ba ni labarin farashin dawa da wata rijiya da ta rufta. Na tambaye shi zancen sanƙarau, ya ce shi ma a hanya ya ji, wai a Bungudu ake yinsa.

Muka shiga Tsafe gab da la'asar. Gari yana nan kamar kowane gari: mata suna daka, marina suna aiki, wani yana faɗa da jakinsa. Ba sabbin kaburbura a bayan gari, na duba. Na ji nauyi ya sauka daga kafaɗata, na ɗauki alkawarin in na koma sai na gaya wa wanzami magana. Da muka karya kwanar gidan sai na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar zaure, sun fi ƙarfin mutanen gida ɗaya. Zuciyata ta ce na suna ne. Ta sake cewa to ina makaɗa?

Surukina yana zaune a cikin zaure. Na tuɓe takalmi tun daga nesa na durƙusa. Ya tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ya tambayi innata, da mutanen Bungudu, da zafi, na ce lafiya. Ni ma na tambayi gida, da iyali, da gajiya, duk ya ce lafiya lau. Aka kawo ruwa na sha. Aka kawo buta, muka yi la'asar. Aka kawo fura ya ce sai na sha, ya zauna yana kallona har na ajiye ludayi. Sannan ya gyara zama.

"Ɗana, sai haƙuri. Ta sauka, ɗiya mace, ɗiyar tana nan. Ita ko jini bai tsaya ba. Wanda yab ba mu ita ya amshi abunai."

Na yi salati, bakina ne ya yi da kansa. Abin da na faɗa bayan haka har yau ina mamakinsa. Na ce, "Baba, sanƙarau ne?"

Ya dube ni kamar bai gane ba. "Sanƙarau? A'a. Bana Allah ya tsare mu, gari lahiya lau."

Tun shekaranjiya aka binne ta. Taubashin nata ni aka aike shi ya gaya wa, kuma ba a faɗa wa mutum irin wannan a kan hanya, da ƙishirwa, ba wurin zama. Wata tsohuwa ta fito da jaririyar a cikin zane. Bisa al'ada kau da kai ya kamata in yi, amma na duba, kuma ba wanda ya hana ni. Na ji baƙin ciki irin wanda ban san akwai shi ba, tare da wani haushi da na rasa wanda zan ɗora wa. Na bi su ɗaya ɗaya a raina, mai yekuwarmu, na Gusau, mai auduga, taubashi, surukina, ina neman wanda ya yi mini ƙarya. Tsafe lafiya take. Da idona na gani.

Bayan an yi sadaka na bar yarinyar wurin kakarta na komo. A mashigin gulbi, kafin in shiga Bungudu, na tarar da mai yekuwa yana wanke ƙafa. Bai ji komai ba tukuna. Ya ɗago da fara'a ya ce yaya abokina ya samu jakinsa, Tsafe lafiya? Na tsaya. Ina da abin faɗa cike da baki, amma a kan hanya muke, shi kuma dattijo ne, kuma gari ya tambaya. Na ce lafiya lau. Ya ce babu ciwon? Na ce babu. Ya ce madalla, yau ya samu labari na gaske.

Da labari ya bazu ya zo gaisuwa, ya fi kowa daɗewa a kan tabarma, bai ko ci goro ba. Na yi zaton ranar kasuwa zai tsallake Tsafe saboda ni. Da na koma rumfa aka buga ganga, ya bi jerinsa, ya zo kanta, ya faɗa sau ɗaya. Sai ya ƙara abin da ban taɓa jin ya ƙara wa wani gari ba, ya ce wannan daga bakin wanda ya taka da ƙafarsa aka ji.

Ba a jima ba wata tsohuwa mai sayar da daddawa, daga ƙauye take zuwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ni. 'Yarta tana aure a Tsafe, ta ce tun da fatake suka kawo zancen nan abinci ba ya shiga cikinta. Ta durƙusa a bakin rumfa, ƙwaryarta a kai.

"Ɗana, kai anka ce ka hito can? Don Allah da gaske lahiya?"

Dattawan nan biyu suka sunkuyar da kai. Na ce, "Lafiya lau, Inna."

Ta yi hamdala, ta share ido da bakin zane, ta sauke ƙwaryar ta zaɓo daddawa manya guda biyu ta danƙa mini, ta ce goron albishir ne, in kai wa mai ɗakina ta sa a miya. Na karɓa na yi godiya. Da yamma na koma gida da daddawar a hannu, na wuce kai tsaye har ƙofar ɗakin matata, na tsaya a nan.